Darasi: Wanke Dauɗa da Laka a Hanyar Ruwan Sanyaya Kwamfuta

Manufofin darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. Ambata sassan da ruwa ke ratsawa a cikin kwamfuta da aikin kowanne.
2. Gane irin dauɗa daga kamanninta, ya kuma faɗi asalinta.
3. Wanke lagireto da bulok da tanki ba tare da ya lalata su ba.
4. Gwada yoyo kafin ya sake kunna kwamfuta.

1. Me ya kai ruwa cikin kwamfuta?

Babbar furosesa, idan aka ɗora mata aikin tace bidiyo ko wasan gem, tana iya shan wat 200 na wuta ko fiye. Katin hoto irin RTX 4090 na kamfanin Nvidia kuwa wat 450 aka ƙayyade masa. Kusan duk wannan wuta zafi take komawa, kuma a ɗan wurin da bai kai tafin hannu ba. Yawancin kwamfutoci da fanka suke korar zafin. Amma ruwa ya fi iska ɗaukar zafi nesa ba kusa ba: zafin da lita ɗaya ta ruwa za ta kwashe, sai an tara lita fiye da 3,000 ta iska kafin ta kwashe shi.

Tsarin irin na mota ne. Famfo yana tura ruwa ya bi ta kan wurin da ke zafi, ruwan ya ɗauki zafin ya kai lagireto, fanka ta hura shi waje, ruwan ya dawo da sanyinsa ya sake zagaye.

> Akwatin kalmomi
> Bulok: ƙaramin gidan ruwa da ake ɗaurewa a kan furosesa ko katin hoto. Gindinsa farantin jan ƙarfe ne, wani lokaci da shafen nikel.
> Ƙananan haƙora: siraran layuka da aka yanka a cikin farantin bulok. Ratar da ke tsakaninsu ba ta kai rabin milimita ba.
> Lagireto: jerin siraran bututu masu fikafikan ƙarfe inda ruwa ke sakin zafi. An fi samun mai tsawon milimita 120, 240 da 360.
> Famfo: injin da ke tura ruwa. D5 da DDC su ne sanannu.
> Tanki: ma'ajiyar ruwa da ke ciyar da famfo.

Na'urorin sanyaya da ruwa iri biyu ne. Akwai rufaffe, wanda 'yan kasuwa ke kira AIO, da ke zuwa a cike kuma a liƙe daga masana'anta, irin na Corsair da NZXT da Arctic. Akwai kuma haɗin hannu, inda mai kwamfuta ke sayen kowane sashe daban, daga kamfanoni irin su EKWB na Sulobeniya ko Alphacool na Jamus, ya harhaɗa da kansa. Yawancin wannan darasi a kan haɗin hannu yake, don shi aka yi domin a riƙa buɗewa.

Manyan kamfanoni ma sun ɗanɗana wahalar ruwa. A 2004 Apple ya fitar da Power Mac G5 mai sanyaya da ruwa, kuma bayan 'yan shekaru wasu daga cikinsu suka fara yoyo, ruwan ya ci ƙarfen da ke ƙasa har ya kai akwatin wuta. Na'urar da ke da ruwa a ciki tana tsufa ta wata hanyar da mai fanka kawai ba ta yi.

2. Daga ina dauɗar take fitowa?

Mai koyo yakan yi mamaki: hanya a rufe take, ruwa mai tsabta aka zuba, to me ya shiga? Amsar ita ce yawancin dauɗar a ciki ake haifar ta. Kuma kowace iri da kamanninta, shi ya sa gwanin gyara ba ya gaggawar zubar da tsohon ruwa. Yakan tare shi a farin kwano ko kwalba, ya ɗaga a haske ya duba.

Ta farko tana zuwa ne tun daga masana'anta. Da dalma ake liƙa bututun lagireto, kuma ragowar maganin liƙi da ɓurɓushin ƙarfe sukan maƙale a ciki. Wanda ya ɗaura sabon lagireto bai ɗauraye shi ba, cikin makonni kaɗan zai ga baƙin tsaki-tsaki ya taru a bakin ƙananan haƙora.

Ta biyu daga tiyo take. Tiyo mai laushi da ake ganin ruwa ta cikinsa yawanci na robar PVC ne, kuma wani sinadari ake gauraya masa don ya yi laushi. Zafi yana fitar da sinadarin a hankali ya shiga ruwa. Alamarsa biyu: tiyon ya yi hazo, ya daina sheƙi, sannan wani farin abu mai danƙo ya manne a haƙoran bulok. Inda ɗaki ke da zafi abin ya fi sauri. Kwamfutar da ke aiki a Kano ko Maraɗi a watan Afrilu, a ɗakin da babu na'urar sanyaya iska, ruwanta ba zai taɓa sauka ƙasa da zafin ɗakin ba, don haka tiyonta zai riga na ƙasar sanyi lalacewa.

Ta uku mai rai ce. Gansakuka da ƙwayoyin cuta suna son ruwa mai ɗumi, gansakuka kuma tana buƙatar haske. Idan kwamfuta mai gefen gilashi tana kusa da taga, kuma ruwan babu maganin kashe su, za a ga kore-kore ko wani yauƙi a bangon tanki, wani lokaci har da wari.

Ta huɗu ita ce mafi muni, don ba dauɗa kaɗai ba ce, ƙarfen kansa ne ke narkewa. Idan jan ƙarfe da alminiyam suka haɗu a hanyar ruwa ɗaya, wata 'yar wutar lantarki takan gudana tsakaninsu ta cikin ruwan, alminiyam ya riƙa zaizayewa. Ragowarsa fari ko toka-toka ne, mai gari-gari, kuma wurin da ya ci yakan bar ƙananan ramuka. Wanki zai kawar da garin, amma ba zai cike ramin ba. Abin haushi shi ne sau da yawa ƙaramin abu ne ke jawo shi, kamar mahaɗar tiyo guda ɗaya mai araha da aka saya ba a tambayi ƙarfenta ba.

> Akwatin kalmomi
> Cin ƙarfe: zaizayewar ƙarfe saboda haɗuwarsa da ruwa, ko sinadari, ko wani ƙarfe daban.
> Maganin kariya: sinadarin da ake sa wa ruwan sanyaya don ya hana cin ƙarfe.
> Maganin gansakuka: sinadarin da ke hana ƙananan halittu yaɗuwa a ruwa.

Sai ruwan kwalliya. Akwai ruwan sanyaya mai kauri irin na madara, ja ko shuɗi ko fari, wanda ƙananan ƙwayoyin launi ke yawo a cikinsa. Yana da kyau a hoto, babu musu. Amma idan famfo ya daɗe a kashe, ƙwayoyin sukan kwanta su zama laka. A inda wuta ke ɗaukewa kwana da kwanaki, ko mai kwamfuta ya yi tafiya ya bar ta wata guda, irin wannan ruwa wahalarsa ta fi kyansa yawa.

Ta ƙarshe ita ce farin ƙanzo da ruwan rijiya ko na burtsatse ke bari, saboda ma'adanai irin su kalsiyam da ke narke a ciki.

3. Yadda ake gane lokacin wanki ya yi

Ido yana nuna wasu alamu: ruwa ya canja launi, tiyo ya yi hazo, laka ta kwanta a gindin tanki. Kunne ma yana ji, idan famfo ya fara ƙara ko gurnani. Amma ma'aunin zafi ya fi su duka faɗin gaskiya, musamman idan akwai na'urar auna zafin ruwan kansa. Lamba uku ake kwatantawa: zafin ɗaki, zafin ruwa, da zafin furosesa a lokacin aiki iri ɗaya. Ratar ɗaki da ruwa tana nuna lafiyar lagireto. Ratar ruwa da furosesa tana nuna lafiyar bulok.

*Misali na 1.* A ɗauka wani mai tace fina-finai ya rubuta lambobinsa ranar da ya haɗa kwamfuta: ɗaki digiri 32, ruwa 40, furosesa 70. Ratar farko 8 ke nan, ta biyu 30. Bayan shekara guda, a aiki iri ɗaya, ya ga ɗaki 32, ruwa 41, furosesa 92. Ratar farko ta zama 9, kusan ba ta motsa ba. Ta biyu kuwa ta tashi daga 30 zuwa 51. Lagireto lafiya lau yake. Matsalar tana tsakanin furosesa da ruwa. Ko dai haƙoran bulok sun toshe, ko man da ke tsakanin furosesa da faranti ya bushe, ko famfo ya raunana.

*Misali na 2.* Wata mai shagon zane-zane, bayan hunturu, ta ga ɗaki 32, ruwa 52, furosesa 82. Ratar ruwa da furosesa tana nan a 30, amma ta ɗaki da ruwa ta kai 20. Wannan ba ta buƙatar zubar da ko ɗigon ruwa. Ƙurar hunturu ce ta daskare a fikafikan lagireto. Za ta cire fankoki, ta hure ƙurar da iska, ta bi da buroshi mai laushi, shi ke nan. Mutane da yawa sukan wargaza kwamfuta gaba ɗaya a kan abin da aikin minti goma zai gyara.

Ko babu wata alama, masu haɗa ruwan sanyaya sukan ba da shawarar a canja wanda ake gani ta cikinsa duk shekara, mai kauri kuma duk wata shida ko makamancin haka.

4. Ruwan da ake wanki da shi

Tataccen ruwa shi ne ginshiƙin aikin, wato wanda aka dafa ya zama tururi aka sake tara shi, ya bar ma'adanansa a baya. Ruwan leda da na gora masu tsabta ne ga mai sha, amma da ma'adanai a cikinsu. Masu sayar da batirin sola da na inbata sukan ajiye tataccen ruwa. Sai dai a kula ƙwarai: a shago ɗaya ake sayar da shi da ruwan asid na batir, wani lokaci a jarkoki masu kama da juna. A karanta takardar da ke jiki, kada a karɓi wanda aka ɗura a tsohuwar jarkar da ba a san abin da ta taɓa ɗauka ba.

*Misali na 3.* Ga gwaji mai sauƙi. A samu gilashi mai tsabta, a ɗiga ruwan burtsatse a gefe ɗaya, wanda aka saya da sunan tatacce a ɗaya gefen, a bar su su bushe inda ƙura ba ta kai. Na burtsatse zai bar farin zobe. Tatacce na gaskiya kusan ba ya barin komai. Idan shi ma ya bar zobe, a mayar wa mai shi.

> Akwatin gargaɗi
> Sifirit yana tsattsaga robar akrilik, wadda ake yin murfin bulok da tanki da ita.
> Ruwan khal da sauran masu tsami suna ɓata shafen nikel, kuma ba a jiƙa alminiyam a ciki.
> Bilic yana cin ƙarfe da roba. Ba shi da wuri a wannan aiki.
> Tsohon ruwan sanyaya na iya ƙunsar gilaikol mai guba mai ɗan zaƙi. A rufe shi, a nisanta shi da yara da dabbobi.

5. Wankin kansa

Da farko a kashe kwamfuta, a zare wayar wuta daga bango, a bar ruwa ya huce. Yana da kyau a ɗauki hoton yadda tiyo ya bi, don ranar mayarwa. A shimfiɗa tsumma, a sa roba a ƙasa, a buɗe mafitar da ta fi kowace ƙasa, sannan a kwance murfin tanki don iska ta shiga ruwa ya sauko. Kullum akwai ragowar da ke ɓuya a lagireto, saboda haka sai an karkata akwatin kwamfutar gaba da baya.

Idan tsohon ruwan ya fito garau kuma zafi bai tashi ba, ɗauraya ta isa: a cika da tataccen ruwa, a bar famfo ya zagaya da shi, a zubar, a maimaita sau biyu ko uku. Idan kuwa an ga laka ko yauƙi, sai an kwance komai.

Lagireto ba ya buɗuwa, jijjiga ake yi. A zuba masa tataccen ruwa mai zafi, ba tafasasshe ba, har rabi. A toshe bakunan biyu, a girgiza shi da ƙarfi na minti ɗaya ko biyu, a juye a farin kwano. A yi ta maimaitawa har ruwan ya fito babu tsaki. Idan na jan ƙarfe ne kuma dauɗar ta ƙi, sai a shigo da khal da aka sirka.

*Misali na 4.* A ɗauka lagireto yana cin mililita 300, kuma za a sirka kashi 1 na farin khal da kashi 9 na ruwa. Jimillar kaso 10 ne. 300 a raba 10 ya ba da 30. Za a auna mililita 30 na khal da 270 na tataccen ruwa. A bar shi a ciki minti 30 zuwa awa ɗaya, ba kwana ba, a zubar. Sai a bi da ruwan da aka narka ƙaramin cokali na bekin soda a lita guda don ya kashe tsamin, sannan a ɗauraye da tatacce sau da yawa. Akwai kuma magungunan da aka yi musamman don wannan aiki, irin Blitz na kamfanin Mayhems na Ingila, mai kashi biyu: na farko na lagireto ne shi kaɗai, na biyu na hanyar gaba ɗaya. Wanda ya zuba na farko a bulok mai nikel ya yi wa kansa.

Bulok ne ke buƙatar haƙuri. A kwance sukurorinsa kaɗan-kaɗan, ana tsallakawa daga wannan kusurwa zuwa mai fuskantarta, don kada murfin ya tsage. A ƙarƙashi za a tarar da zoben roba a cikin kwarinsa, da wani siririn ƙarfe mai tsaga a tsakiya wanda ke feso ruwa kan haƙora. A lura da yadda tsagar ta kwanta, don a gicciye take da layukan haƙoran, kuma idan aka mayar da ita a juye sanyi zai ragu. A nan ne mai gyara zai ga abin da ya hana kwamfuta sakat: wata 'yar tabarmar danƙo, wani lokaci da zaren tsumma ko gashi, ta rufe daidai inda ruwa ke shiga. A sa ruwan ɗumi da ɗigon sabulun wanke-wanke, a goge da buroshin haƙori mai laushi, ana bin tsawon layukan, ba a ƙetare su ba. Allura da buroshin ƙarfe suna lanƙwasa haƙoran, kuma wanda ya lanƙwashe ba ya miƙewa daidai. Farantin jan ƙarfe zalla da ya yi baƙi zai iya shan ɗan khal. Mai nikel kuwa sabulu da buroshi kawai, ko ɗan farin man goge baki idan tabo ya ƙi. Duhun launi shi kaɗai ba ya hana sanyi. Toshewa ce ke hanawa, don haka babu dalilin gurzar faranti har sai ya yi ƙyalli.

Murfin akrilik da tanki, ruwan sabulu da tsumma mai laushi sun wadatar. Zoben roba a wanke shi da ruwa a duba: idan ya baje, ya tsage, ko ya yi tauri, a canja. Famfo a zare abin da ke juyawa a ciki a ɗauraye.

Tiyon da ya yi hazo ba ya wankuwa, sabo ake sa wa. Wanda ya gaji da wannan matsala yakan koma baƙin tiyo na robar EPDM, wanda ba ya zubar da farin danƙon nan, kuma haske ba ya ratsa shi balle gansakuka ta samu wuri. Idan kuwa cin ƙarfe aka gani, dole a nemo sashen alminiyam ɗin a fitar da shi, in ba haka ba garin zai dawo.

6. Rufaffen tsari

Na'urar AIO ba a yi ta don mai ita ya buɗe ba. Da yawansu farantin jan ƙarfe ne da lagireton alminiyam, kuma maganin kariyar da ke cikin ruwan ne kawai ke raba su faɗa, don haka cika ta da ruwa zalla ɓarna ce. Aikin mai ita shi ne share ƙura da canja man furosesa. Idan ta toshe daga ciki, a fara duba garanti, don wasu kamfanoni suna ba da shekara 5 ko 6. A 2022 kamfanin Arctic ya sanar cewa robar da ke cikin wasu Liquid Freezer II ba ta gasu yadda ya kamata ba, tana haɗuwa da jan ƙarfe tana tara dauɗa a faranti, ya kuma raba wa masu su sabuwar roba da sabon faranti da ruwan ƙari.

7. Mayarwa da gwajin yoyo

Bayan an ɗaura komai, an sa sabon mai a kan furosesa, ba a kunna kwamfuta tukuna. A zare wayoyin wuta daga babban allo da katin hoto da ma'ajiyar bayanai, a bar famfo shi kaɗai. Akwai ɗan toshe mai araha da ake sa wa babbar waya mai baki 24, wanda ke haɗa layin kunnawa da na ƙasa, akwatin wuta ya tashi ba tare da allon ba. A cika tanki da mazurari, a kunna famfo ya ja ruwa, a kashe kafin tanki ya ƙare, a ƙara. Famfo ba ya jure juyawa a bushe, ko na ɗan lokaci, don ruwan ne ke zame masa mai.

A sa farin tishu a ƙarƙashin kowace mahaɗa, a bar famfo yana aiki na sa'o'i. Masu taka-tsantsan sukan kai awa 24. Ɗigo ɗaya zai bayyana a tishu. Kada a ruɗu da cewa tataccen ruwa ba ya ɗaukar wuta: da ya zagaya cikin ƙarfe ya kwashi ɓurɓushi, ya zama mai ɗauka. Ruwan da za a bari a ciki kuma ya zama haɗaɗɗe mai maganin kariya da na gansakuka, kuma kada a gauraya na kamfanoni biyu. A ƙarshe a rubuta kwanan wata da lambobin zafi uku a takarda, a manna ta a cikin murfin akwatin kwamfutar.

Tambayoyin bita

1. Ambaci sassa huɗu da ruwa ke ratsawa a kwamfuta, ka faɗi aikin kowanne.
2. An buɗe bulok an tarar da farin danƙo, tiyo kuma ya yi hazo. Mene ne asalin dauɗar, kuma me za a yi wa tiyon?
3. Me ke faruwa idan jan ƙarfe da alminiyam suka haɗu a hanyar ruwa ɗaya? Wanne ne ke zaizayewa?
4. Ranar haɗa kwamfuta: ɗaki 30, ruwa 38, furosesa 68. Yau: ɗaki 30, ruwa 51, furosesa 81. Lissafa rata biyun, ka faɗi inda za a fara dubawa.
5. Lagireto yana cin mililita 400. Nawa ne khal, nawa ne ruwa, a sirkin kashi 1 da 9?
6. Me ya sa ba a goge murfin akrilik da sifirit, kuma ba a jiƙa faranti mai nikel a khal?
7. Bayyana yadda za ka tabbatar ruwan da aka sayar maka tatacce ne.
8. Me ya sa ake zare wayoyin babban allo kafin gwajin yoyo?